Ɗana yana da galahanga, iyayen yaran ajinsu sun ware mu: amsar tambayoyin da ake yawan yi min

Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai yara huɗu a nan Kano, na biyunsu namiji ne, shekararsa tara yanzu, kuma yana da otizim, abin da a rediyo ake kira galahanga. Tun da aka san bana ɓoye shi sai ya zama duk sati akwai wadda za a ba lambata, ko ƙanwar maƙociya ko matar abokin Babansu, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shine nace bari in zauna in rubuta su wuri ɗaya. Ni ba likita bace, abin da naji daga bakin likitoci da wanda na karanta da wanda idona ya gani shi zan faɗa. Kuma na lura yawancin masu kirana in suka fara kuka ba akan lalurar suke yi ba, akan mutane ne, musamman iyayen yara a makaranta, dan haka a nan zan fi daɗewa.

Wai menene ma galahangar nan?

Yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwar yaro ta ginu tun yana ciki, sai ya taso yana da wahalar mu'amala da mutane da wahalar magana ko fahimtarta, yana son maimaita abu ɗaya, kuma ji da gani da taɓi sukan zo masa da ƙarfi fiye da yadda suke zo mana. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, shi ya fara rubuta bayaninsa a 1943 bayan ya duba yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da shi, kuma an fi gano shi a maza. Kiyi lissafi da kanki, makarantar da take da yara 500 ai ba zai zama ɗanki ne kaɗai ba, sauran suna gida ne a kulle.

Abu ɗaya da nake so a kula, mu Hausawa kalmar galahanga mun maida ta buhu, duk yaron da ya bambanta sai a jefa shi ciki, da wanda wuyansa bai tsaya ba da wanda ya sha wahalar haihuwa da mai otizim, alhali lalurori ne daban daban. Kuma su kansu masu otizim ɗin ba iri ɗaya bane, wani baya magana sam, wani surutunsa sai ya ishe ki, wani yana jami'a.

Ya aka yi kika gane?

Ya kai wata 18 in na kira sunansa ko waiwaye, amma in aka buɗe ledar biskit a kicin yana ɗaki zai taho da gudu. Baya nuna abu da yatsa, in yana son ruwa sai ya kama hannuna ya ja ni ya ɗora akan randa ba tare da ya kalli fuskata ba. Ya fara cewa Baba da ruwa sai kuma suka ɓace. Marafen lemo yake tarawa ya jera su layi ɗaya tun daga ƙofar falo har bakin gado, in aka taɓa guda ɗaya ranar ba mu ba zaman lafiya.

Kowa cewa yake nauyin baki ne, maza haka suke, kawunsa ma sai da ya shekara huɗu. Na zauna jiran bakin nan ya buɗe har ya kusa shekara uku da rabi, kuma wannan jiran shine abin da nake ce wa kowa kar ta yi. In yaro ya shekara baya gwaranci baya nuni, ko ya kai wata 16 babu kalma ko ɗaya, ko ya shekara biyu baya haɗa kalma biyu, ko kuma ya iya abu ya dawo ya manta, ki kai shi wurin likitan yara a fara da gwajin kunne. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen yara, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna da Kware a Sakkwato da Maiduguri. Kar kalmar asibitin ƙwaƙwalwa ta tsorata ki, zuwa can baya nufin hauka.

Dangin mijina sun ce daga wajena ne. Ni na jawo masa?

A'a 'yar uwa, ba ke bace. Ba wankan dare kika yi da ciki ba, ba tsallaka wani abu kika yi ba, ba dan kin koma aiki kin bar shi da mai raino bane. Binciken da aka yi akan tagwaye ya nuna gado ne yafi rinjaye, kuma gadon nan ta ɓangaren uba yana zuwa ta ɓangaren uwa yana zuwa, wani lokacin ma sabon canji ne a ƙwayar halittar yaron da babu shi a jikin kowa a cikinku. Akwai abubuwan da ke ƙara yiwuwarsa kaman haihuwar bakwaini da yawan shekarun iyaye. Ɗora wa uwa laifi ba mu muka fara ba, a Amurka wajen 1950 zuwa 1960 likitoci da kansu suke cewa rashin nuna ƙaunar uwa ne ke kawo shi, mata da yawa suka rayu da wannan baƙin cikin kafin a gano maganar bata da tushe.

To allurar rigakafi fa? Bayan ta wata tara ne na ga ya canza

Wannan maganar daga Ingila ta fito. A 1998 wani likita Andrew Wakefield ya fitar da rubutu akan yara 12 kacal yace rigakafin ƙyanda da hangum yana da alaƙa da otizim, a 2010 mujallar da ta buga shi ta janye rubutun, aka kuma soke lasisinsa na aikin likita saboda rashin gaskiyar da aka samu a ciki. A 2019 aka fitar da binciken ƙasar Denmak akan yara sama da 650,000, ba a ga wata alaƙa ba. Abin da ke rikita mu shine alamomin suna bayyana ne tsakanin shekara ɗaya da biyu, lokacin da ake ta zirga-zirgar allurai. Mu a Kano mun san abin da ya biyo bayan dakatar da rigakafin shan inna a 2003, muna ganin yaran a kan titi sun girma. Ƙannensa biyu duk na kai su an musu cikakke.

Ance ɗan ruwa ne, wasu sunce shafar aljanu

Naji duka. Har an taɓa ba ni shawara a kai shi bakin kogi a ajiye in na ruwa ne zai koma, kuma wadda ta faɗa ɗin da zuciya ɗaya ta faɗa, tana ganin taimakona take. Wani kuma ya yaɗa cewa Babansu ne ya yi kuɗi da shi, mutumin da albashi yake jira. Addu'a kam kullum muna yi, ina tofa masa safe da dare kaman sauran 'yan uwansa. Amma duk wanda zai ce a ɗaure yaro ko a dake shi ko a rufe shi cikin hayaƙi wai aljani ya fita, ki ɗauki ɗanki ki fito. Yaron da ƙarar blanda take sa shi ihu kiyi tunanin a kama shi a dinga masa tsawa a kunne.

Me kike nufi da an ware ku? Ai ban ga wanda ya zage ki ba

Toh ai da zagi ne da yafi sauƙi, da na san abin da zan rama. Bari in ba ki misali yadda abin yake.

Ƙarfe ɗaya da rabi muna taruwa a bakin get muna jiran a tashi yara, akwai wata bishiyar darbejiya da mata ke tsayawa a inuwarta. Zangon farko da ya shiga nazare tare muke tsayawa, ana hira, ana tallan atamfa da turaren wuta, har adashe aka sa ni. Ranar da abin ya canza an kunna janareta daidai lokacin da aka buɗe get, ɗana ya toshe kunnuwansa ya zube a ƙasa yana ihu yana buga ƙafa, jakarsa can takalminsa can, ni kuma ina durƙushe da goyo ina ƙoƙarin rufe masa kai da mayafina. Na ɗago ido na ga mata kusan goma a tsaye suna kallo babu wadda ta ce sannu, sai muryar wata naji tana ce wa 'yarta "zo nan, kar ya cije ki." Bai taɓa cizon kowa ba. Baba maigadi ne ya tsinto min takalmin ya riƙe min jakar har muka samu adaidaita.

Daga ranar sai gaisuwa ta koma ta ɗaga hannu daga nesa. In na iso inuwar sai hira ta mutu, kowa ta hau danna waya. Da aka gama zagayen adashe aka sake sabo ba a neme ni ba. Gurup ɗin WhatsApp na iyayen aji da a da saƙo baya yankewa sai ya yi tsit, sai sanarwar kuɗin makaranta kawai, ni a zatona kowa aiki ne ya masa yawa, ashe sabon gurup aka buɗe babu ni. Yadda na sani shine wata ta yi kuskure ta turo hoton ankon da suka fitar na bikin ƙarshen shekara cikin tsohon gurup ɗin, bayan minti biyu ta goge. Na riga na gani. Na shiga banɗaki na kunna famfo dan kar yara su ji, na yi kukan da ko ranar da likita ya faɗa min sunan lalurar ban yi irinsa ba.

Wata mai ciki kuma in ta hango mu sai ta kau da kai ta yi tofi, wai kar ta haifi irinsa. Wannan shine wariyar. Babu abin da za ki riƙe ki kai ƙara, in kin faɗa ace kin cika zargi, amma ke kin san ana yi, kuma abin da yafi ci min rai yaron ma ya sani. Mutane suna ɗauka tunda baya magana sosai baya ganewa. Yana ganewa sarai.

Me yasa suke haka, mugunta ce?

Kaɗan ne masu mugunta, shekara biyar ina lura da su. Yawanci tsoro ne da rashin sani, sai kuma bin yarima a sha kiɗa, in manya biyu a gurup suka ja baya sauran sai su bi dan kar su ma a ware su. Wasu kunya ce, basu san me za su ce miki ba sai su zaɓi shiru, basu san shirun nan ciwo yake ba. Akwai kuma masu ganin sun biya kuɗin makaranta mai tsada kar wani yaro ya ja 'ya'yansu baya, kaman ni da ganye na biya nawa.

Amma fahimtar dalili bata sa na ce abin daidai ne. Mu ne muke cewa ɗa na kowa ne. Yara 'yan shekara huɗu basu san wariya ba, na gani da idona wata yarinya tana tara masa marafen lemo a aljihun yunifom ɗinta tana kawo masa, sai da aka hana ta a gida ta daina.

Ana ɗauka ne? Ko ɗana zai koyi halinsa in suna zama tare?

Ba a ɗauka, ba ta yawu ba ta numfashi ba ta cin abinci a kwano ɗaya, mai ciki ma in ta kalle shi babu abin da zai sami cikinta. Yaro zai iya kwaikwayon kaɗa hannu na kwana biyu kaman yadda yake kwaikwayon komai, sai ya bari. 'Yan uwansa uku ɗaki ɗaya suke kwana da shi.

In faɗa wa makaranta da iyaye gaskiya ko in ɓoye?

Makaranta dai dole ki faɗa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In baki faɗa ba Anti za ta ɗauka taurin kai ne ko sangarta ta sa masa bulala, kuma duka ƙara birkita su yake. Ni takarda ɗaya nake rubutawa duk farkon shekara in ba sabuwar malama: abin da yake tsoro, abin da ke kwantar masa da hankali, yadda yake nuna yana son banɗaki, a faɗa masa abu a gajarce ɗaya bayan ɗaya, a sanar da shi kafin a canza aiki, kar a zaunar da shi kusa da ƙararrawa.

Iyaye kuma ra'ayinki ne, amma ni na yi shekara biyu ina cewa nauyin baki ne kawai kuma ɓoyon bai saya min komai ba, inda ban ba su suna ba su suka raɗa nasu, taɓaɓɓe, dolo, mai aljanu. A taron PTA na miƙe ƙafata tana rawa nace ni ce maman wane, ɗana yana da otizim, ba hauka bane ba a ɗauka, ƙara ce take damunsa, duk mai tambaya ta same ni. Ko minti biyu ban yi ba. Ba wai duniya ta canza ba, amma da aka tashi wata ta biyo ni har bakin titi ta riƙe hannuna ta ce a hankali, "Maman wane, ɗan yayata ma haka yake, shekararsa bakwai ba a taɓa fita da shi ba." Ita ce ƙawata har yau.

An yi bazde an gayyaci duk aji banda ɗana. Me zan yi?

Ki yi kukanki tukunna, ba laifi bane. Mu an taɓa raba katin gayyata a aji yara 22 aka ba 21, ya dawo gida da katin wani da ya tsinta a ƙasa ya sa a jakarsa, yana ta fito da shi yana kallon hoton balan-balan ɗin.

Ban kira uwar mai bazde ɗin na yi faɗa ba kuma bana ba da shawarar a yi, dan gobe labarin zai zama kin ga uwar ma haka take. Abin da na yi na samu hedimasta nace dan Allah a kafa doka, in za a raba kati ko alawa a cikin aji to a ba kowa, in zaɓe za a yi a raba a waje. Ta yarda. Sannan na daina jiran a gayyace mu, na koma ni ke gayyata, amma ba taro ba, yaro ɗaya tare da mamarsa, awa ɗaya, ranar Asabar da safe lokacin da yake cikin natsuwa, in tanadi abin da yake so kaman wasan ruwa a baho ko haɗa bulo na roba. Na gayyaci huɗu, uku suka kawo uzuri, ɗaya ta zo. Ɗayar nan ta isa. Gaskiya ma babban fati da sifika da DJ azaba ce gare shi, abin da yake buƙata a ce akwai wanda zai zauna kusa da shi lokacin tara.

Kar ki manta da 'yan uwansa. Babbar yayarsa ta taɓa dawowa tace bata son a dinga ɗauko su tare saboda ana ce mata yayar mahaukaci. Ban mata faɗa ba, yarinya ce ita ma abin yana mata nauyi, na zaunar da ita na koya mata amsa gajera, ƙanina ba mahaukaci bane otizim gare shi, in baki sani ba ki tambaya. Kuma nakan fita da ita ita kaɗai lokaci lokaci ko da shan yogot ne.

In ya birkice a gaban mutane ko ya ture wani yaro fa?

Birkicewar nan daban take da rigimar yaro mai son a saya masa abu. Mai rigima yana satar kallonki ya ga ko kin sauko, shi wannan baya ma ganinki, kansa ne ya cika ya tumbatsa. Kar ki yi masa tsawa kar ki yi ta surutu, ki rage ƙara da haske, ki janye shi gefe in zai yiwu, ki kare kansa, ki jira. Masu kallo ki bar su da kallonsu, a wannan lokacin ɗanki ne aikinki. Ni yanzu da abin toshe kunne nake yawo a jaka, kuma na roƙi alfarma ina ɗaukarsa minti goma kafin a tashi.

In ya ture yaro ko ya ji masa ciwo ki je da kanki ki ba da haƙuri, ki duba yaron, in da magani ki saya, lalura bata hana ba da haƙuri. Amma ki tambayi me ya faru kafin turin, dan sau da yawa za ki tarar an daɗe ana tsokanarsa ana ƙwace masa abu ana masa ihu a kunne dan a ga ya yi abin nasa a yi dariya, shi kuma bashi da bakin kai ƙara.

Makaranta tace iyaye sun yi ƙorafi in cire shi. Suna da wannan ikon?

An mana haka a makarantarsa ta farko, aka kira ni ofis aka ce Hajiya ba korarsa muka yi ba amma iyaye suna barazanar kwashe yaransu. Lokacin ban san komai ba na kwashi littattafansa na fito.

Yanzu na sani akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ce suna da haƙƙin karatu ba tare da wariya ba, kyauta har sakandare, kuma makarantun gwamnati su zama masu karɓar kowa da ma'aikacin da aka horar. Wanda aka samu da laifin wariya tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, in kamfani ne naira miliyan ɗaya, kuma a 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da wannan. Aiki da dokar yana da rauni sosai, wannan kowa ya sani, amma ranar da kika ce a rubuta miki dalilin a takarda da sa hannu za ki ga murya ta sauka. Ki je da Babansa ko wani babba, kar ki je ke kaɗai.

Duk da haka zan faɗi ra'ayina, makarantar da sai da barazana ta riƙe ɗanki kiyi tunani sau biyu, ke za ki tafi gida shi za a bari da su awa shida. Wadda yake yanzu ƙarama ce, ko filin wasan kirki babu, yara 14 ne a aji, amma malamarsa ta gano da kanta cewa in ta ba shi aikin raba littattafai yana zama lafiya, kuma ta haka ya haddace sunan kowa.

Islamiyya da biki da suna fa, kina zuwa da shi?

Ina zuwa da shi, sai dai bama daɗewa, kuma tun a gida nake faɗa masa inda za mu da wanda za mu gani da lokacin dawowa. Ina tafiya da abincinsa tunda ba komai yake ci ba. Islamiyya mun gwada, haɗa baki da ƙarfi da yara ke yi ya masa yawa, sai muka samu malami yana zuwa gida bayan la'asar, kuma abin mamaki yaron da haɗa jimla ke ba wahala yana riƙe sura in ya ji ta sau kaɗan. Sallar Juma'a Babansa yana kai shi su tsaya a sahun waje. Duk mai ganin irin waɗannan yaran basu da wuri a cikin jama'a ya tuna Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho ne, a kansa aka saukar da farkon Suratu Abasa, kuma ladanin Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Gargaɗi ɗaya, da yawa daga cikinsu suna da saurin sulalewa su fice kuma suna son ruwa. A gidan biki idonki na kan rijiya da kududdufi da ƙofar waje.

Zai warke? Zai yi magana?

Babu allura ko ƙwaya ko jiƙo da ke cire otizim, duk wanda yace yana da shi kuɗinki yake so, na yi asarar da bana son tunawa kafin na yarda da haka. Likita yakan ba da magani ne dan abin da ke rakiyarsa kaman farfaɗiya ko rashin barci ko tsananin fushi. Abin da ke aiki shine koyarwa da wuri da maimaitawa, masu koyar da magana, hotuna da yaro zai nuna abin da yake so, da tsarin yini da baya canzawa. Suna ci gaba, kowa da saurinsa. Temple Grandin bata yi magana ba sai da ta wuce shekara uku, ta zama farfesar kimiyyar dabbobi a jami'ar jihar Kolorado. Ba kowane yaro zai zama ita ba kuma ba sai ya zama ba kafin a mutunta shi. Nawa yana da shekara shida da wata biyu ya fara ce min Mama, ina tsaye ina tace shinkafa.

Ni ɗana lafiyarsa ƙalau amma akwai irin yaron a ajinsu, me zan yi?

Allah ya saka miki da alheri da kika tambaya, ke nake nema tun ɗazu. Ba abu mai wuya bane. Ki gaishe da uwar ki tsaya kusa da ita a bakin get. Ki kira yaron da sunansa ko bai amsa ba. In ya birkice kar ki tsaya kallo kar ki ɗaga waya, ki ce mata me zan riƙe miki, ki karɓi goyon ko jakar. Kar ki kawo mata sunan mai magani, ta ji ɗari. Yawan Allah sarki ma yana gajiyar da mutum, ki yi mata hirar duniya, tsadar gas, ɗinkin sallah, ita ma mace ce kaman ke. In za ki gayyata ki tambaye ta me zai sa ya ji daɗi, in sun tafi bayan minti ashirin kar ki ji haushi, kuma ki sake gayyata. In aka fara maganarta a gurup ki ce dan Allah a bari, mutum ɗaya in ya faɗa sai ki ga uku sun biyo baya. Ɗanki in ya tambaya me ke damun wane, kar ki ce yi shiru, ki ce masa ƙara tana masa ciwo a kunne kuma magana tana masa wuya amma yana son aboki.

Ranar 2 ga Afrilu ce ranar otizim ta duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ta tun 2007. Ki ce wa hedimasta a yi wa yara da iyaye bayanin minti goma a asambule. In daga bakinki ya fito an fi saurara, mu in mun faɗa cewa ake dan ɗanta ne.

Ke fa, ya kike yi da kanki?

Akwai watannin da na daina zuwa ɗaukarsa sam, sai in tura ƙanina, dan kawai kar in ga inuwar darbejiyar nan. Na daina zuwa suna, na daina ɗaga waya, barci ya ƙaurace min. Babansu da farko ƙin maganar yake yi gaba ɗaya, in na tayar sai ya ɗau mukullin mashin ya fita, na ɗauka bai damu ba ashe shi ma a majalisarsu ana jefa masa magana yana haɗiyewa. Sai da na ja shi muka je ganin likita tare ya ji da kunnensa, yanzu shi ke masa aski a gida da almakashi tunda baya jure ƙarar kilifa. In kin ga kin kai sati biyu bakya barci bakya cin abinci kina kuka ba dalili, ki faɗa wa likita, ciwon damuwa ne kuma ana maganinsa.

A layin asibiti na haɗu da mata uku masu irin yarona, yanzu mu tara ne, muna haɗuwa Lahadin ƙarshen wata a gidan ɗaya daga cikinmu da yaran duka, wani na tsalle akan kujera wani na zagaye tsakar gida babu mai ba wani haƙuri. Watan jiya a gidana aka yi, na dafa dambu. Wannan watan muna jiran wata sabuwa daga Ɗorayi da ɗanta, ɗan yayar ƙawar nan tawa ne, tace za ta zo in mijinta ya bari.